Hostel, ɗakin bakin ƙofa, gidan haɗaka ko bayan gari: wanne ya fi wa ɗalibi sauƙi?

Ɗan yayata ya samu gurbin karatu a jami'a. Murna ba ta gama sauka ba sai ga hotuna suna shigo mini a waya, wurare huɗu, kowanne da farashinsa a ƙasa: gado a hostel ɗin makaranta, ɗaki mai banɗakinsa daf da ƙofar jami'a, ɗaki ɗaya a gidan da wasu samari biyu ke neman na ukunsu, sai wani ɗaki mai faɗi can bayan gari. Ya rubuto, "Kawu, na ƙarshen nan nake so. Dubi girmansa, ga shi ya fi na bakin ƙofa sauƙi nesa ba kusa ba." Na ce ya dakata, kada ya tura wa kowa ko sisi sai mun yi lissafi. Cikin huɗun nan na zauna a uku lokacin da nake karatu, kuma wanda na shiga ina murnar araha shi ya fi wanke mini aljihu.

Haya a garin jami'a ba ta tafiya kamar ta sauran garuruwa. A wani garin mutane na tashi suna tarewa duk tsawon shekara, mai gida ya rasa ɗan haya yau, sai ya yi wata biyu yana jira, don haka yana sauraron ciniki. A garin jami'a dubban mutane ne ke dira cikin mako biyu ko uku, kowa na son inda ƙafa za ta kai shi aji, galibinsu baƙi ne da ba su san farashin bara ba, ranar fara lacca kuma ba ta jiran kowa. Jami'a na iya ƙara yawan ɗaliban da za ta ɗauka a zama ɗaya, amma ɗakunan da za su kwana sai an shekara da shekaru ana gini, filin da ke kewaye da ƙofa kuwa ba roba ba ne balle ya miƙe. Wasu jami'o'in ma da doka suke ƙuntata wurin. A Ingila, Jami'ar Cambridge na buƙatar ɗalibin digirin farko ya zauna cikin mil 3 daga cocin Great St Mary's da ke tsakiyar gari, ta Oxford kuma mil 6 daga hasumiyar Carfax. Inda babu irin wannan doka, laccar ƙarfe 8 na safe ta isa doka.

Masu gidaje sun daɗe da gane haka, shi ya sa suka daina ƙirga gida a matsayin gida, suna ƙirga shi ɗaki-ɗaki, wasu ma gado-gado. Gidan ɗaki uku da magidanci zai biya daga albashi ɗaya, ɗalibai huɗu za su biya shi daga aljihun iyaye huɗu. Sabon malami mai mata da 'ya'ya sai ya wayi gari yana takarar gida da ɗalibansa, kuma su ke kayar da shi.

Farashi ya sha bamban daga gari zuwa gari, don haka zan yi aiki da alƙaluman misali, kowa ya cire su ya sa ainihin kuɗin da aka gaya masa. Mu ɗauki hayar wata ɗaya ta ɗakin bakin ƙofa a matsayin 100, mu auna sauran da ita. Tambayar farko da na yi wa yaron ita ce wata nawa zai kwana a ɗakin. Karatu a yawancin jami'o'i wata 8 zuwa 9 ne a shekara, mai gida kuwa 12 yake ƙirgawa. Ɗakin 100 ya zama 1,200 ke nan. Ƙara la'adar dillali, a ce kashi 10 cikin 100 na hayar shekara, 120. Ƙara wuta da ruwa da kwashe shara da intanet, a ce 15 a wata, 180 a shekara. Jimilla 1,500. Raba da wata 9 da za ka zauna, kowane wata ya tashi kusan 167, a ɗakin da aka ce maka 100 ne. Katifa da labule da teburin karatu da tukunya da bokiti ba su shiga ba tukuna, ga su kuma kayan da ranar tashi ake rabarwa ko a karyar da su a wulaƙance.

Wannan ɗakin ba shi da wani dogon bayani. Shi ya fi tsada, kuma shi kaɗai ne ba ya yi maka ƙarya bayan ka gama wancan lissafin. Kana rufe ƙofarka ka yi karatu, ka tashi saura minti 20 a shiga aji ka isa. Aibinsa hayaniyar unguwar ɗalibai da kuma yawan masu leƙowa "su ɗan huta kafin lacca ta gaba", har ɗakin ya koma zauren kowa. Wanda iyayensa ke da hali, ko ɗan shekarar ƙarshe da ke rubuta kundin bincike, ba zai yi nadama ba.

Hostel kuwa mutane na auna shi da ma'aunin da bai dace ba. Sai a ga gado ɗaya a ɗakin mutum biyu ko huɗu an sa masa 110 a wata, a ce ai sata ce, gado ya fi ɗaki tsada. An manta cewa wata 9 za a biya, 990, babu dillali, wuta da ruwa da tsaro da gyara galibi suna ciki, gado da tebur na jiran ka, kuɗin mota babu. A misalin nan ya fi ɗakin bakin ƙofa sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Inda jami'a ke tallafa wa hostel ɗinta, tazarar ta fi haka ma, matsalar sai ta koma ta samun gurbi. Sai dai a bambanta hostel ɗin makaranta da na 'yan kasuwa da ake ginawa a gefenta. Waɗannan na biyun kan zo da ƙawa, wurin motsa jiki da falon kallo, kuma yarjejeniyarsu kan kai mako 51, wato shekara ce cif aka sake wa suna. Idan za ka biya kuɗin ƙawa, tambayi kanka sau nawa za ka taka wurin motsa jikin a watan jarrabawa.

Abin da hostel ke karɓa a hannunka bayan kuɗi shi ne iko. Ba kai ka zaɓi abokin ɗaki ba, akwai lokacin rufe ƙofa, wasu wuraren sun hana girki ko sun tilasta sayen abincin makaranta, wanda shi ma kuɗi ne da za a sa a lissafi. Da an gama jarrabawa za a ce kowa ya kwashe kayansa. Mai zuwa daga nesa, ko mai niyyar yin aiki a garin lokacin dogon hutu, ya tanadi inda zai ajiye kaya da inda zai kwana wata ukun nan.

Yanzu ɗakin da ya tafi da hankalin yaron. A ce 70 ne a wata, 840 a shekara, la'ada 84, wuta da ruwa 180 kamar na farko. Ya tsaya a 1,104, rarar kusan 400 ke nan, ido ya ga riba. To, sai mota. Kwana 22 a wata, zuwa da dawowa, hawa 44. A wata 9 hawa 396. Idan kowane hawa ya ci 1 kacal, wato kashi ɗaya cikin ɗari na hayar wata ta ɗakin bakin ƙofa, jimilla ta koma 1,500. Na tura masa lissafin, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya rubuto, "Kawu, ai ɗaya suke." Na ce a kuɗi ɗaya suke, saura lokaci. Minti 40 zuwa, 40 dawowa, a wata 9 sa'o'i 264 ne, kwana 11 cur dare da rana a kan hanya.

Wannan ɗakin na sani ciki da bai, don a irinsa na yi shekarata ta uku. Ba kuɗin motar safe da yamma ne ya karya ni ba, tsakiyar rana ce. Ranar da nake da lacca ƙarfe 9 da wata ƙarfe 4, komawa gida ba ta yiwuwa, sai in wuni a makaranta ina sayen abin da da a ɗaki zan dafa. Laburare na buɗe har dare, amma ni da magariba ta yi sai in fara duban agogo, don motar ƙarshe ba ta san ana jarrabawa ba. Wata safiya aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina da jarrabawa ƙarfe 8, na tsaya a bakin titi da littafi a cikin leda, mota uku suka wuce a cike. Dole na ɗauki shatar tasi da kuɗin motar mako guda, na shiga ɗakin jarrabawa wandona na ɗiga, an riga an raba takardu. Daga ranar, duk lokacin jarrabawa a ƙasan ɗakin wani abokina nake kwana, ina kuma biyan hayar ɗakin da ba na kwana a ciki.

Ba kushe nesa nake yi gaba ɗaya ba. Akwai waɗanda ita ce daidai da su. Mai keke a gari mai shimfiɗaɗɗiyar hanya, ko wanda mota ɗaya ke ɗauka daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta kuma akwai rangwamen ɗalibai, lissafinsa ya canza. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ke shiga makaranta sau biyu a mako, hawansa bai kai rabin wancan ba. Mai iyali kuma kusan ba shi da zaɓi: a bayan gari ne ake sa wa gida farashin gida, maƙwabta magidanta ne, dare na yin shiru, kuma shi wata 12 zai zauna, babu watannin da yake biya a banza. Duk wanda zai kama irin wannan wuri, ya je ya gwada hanyar da kansa da sassafe ranar aiki. Dillali zai ce minti 10 ne, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai minti 10 ɗinsa na rana tsaka ne a ranar hutu.

Gidan haɗaka shi ne mai wuyar sha'ani, shi kuma na fi so a tsaya a kansa. Gida mai ɗaki uku a 240, mutum uku, kowa 80. A shekara 960, la'ada 96, wuta da ruwa da intanet sun sauko tunda layi ɗaya da kicin ɗaya ake rabawa, a ce 120. Jimilla 1,176, kusan 131 a kowane watan zama. Kana da ɗakinka, kana da falo da kicin, ƙafa na kai ka aji. Idan aka zama huɗu, biyu suka raba babban ɗaki, hayar kowa ta faɗo 60. A lissafi babu wanda ya kama ƙafarsa in ban da hostel.

Amma lissafin na tsaye ne a kan mutane, mutane kuwa ba su da tabbas irin na bango. Mu uku muka kama gida a shekarata ta biyu, yarjejeniya ɗaya, sa hannu uku, ana biya kashi biyu a shekara. Zangon farko na ƙarewa ɗayanmu ya samu canjin makaranta, ya tattara kayansa, ya bar mana mukulli a kan taga da saƙon ban haƙuri. Muka je wajen mai gidan, dattijo ne mai fara'a, muka gaishe shi. Na ce, "Baba, ka ga ɗakinsa babu kowa, a taimaka a cire mana kasonsa." Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ni gida na ba ku, ban ba ku ɗakuna ba. Ku nemo wani, ko ku cika." Kuma gaskiyarsa ce, haka takarda ta ce, mu ne ba mu karanta ba. Kowa ya tashi daga 80 zuwa 120, sama da ɗakin bakin ƙofa da muka guje wa. Tsakiyar shekara kuwa masu neman ɗaki sun ƙare, wanda muka samu daga baya ba don ya kwanta mana muka ɗauke shi ba. Da mu huɗu ne, fitar mutum ɗaya daga 60 zuwa 80 kawai za ta kai mu, shi ya sa yawa ke da ɗan amfani ta nan, ko da yake yana ƙara layin banɗaki.

Wannan sharaɗi na cewa kowane ɗan haya na ɗauke da nauyin hayar gidan duka ba baƙon abu ba ne, ya zama ruwan dare a yarjejeniyoyin gidajen ɗalibai a Ingila da Amurka. Abin da iyaye ba su cika lura ba shi ne, uban da ya sa hannu ya tsaya wa ɗansa a irin wannan takarda, ana iya bin sa bashin ɗan wani da bai taɓa gani ba, sai in an rubuta ƙarara cewa kason ɗansa kaɗai ya lamunta. Maganin abin shi ne a nemi yarjejeniya ɗaki-ɗaki, kowa da tasa. Masu gida kan ɗan ƙara kuɗi a kan haka, kuma ni a ganina ƙarin ya cancanta. In ba ta samu ba, a rubuta tsakanin abokan zama cewa mai fita shi zai kawo madadinsa ko ya ci gaba da biya har a samu. Abokai kan ji kunyar rubuta irin wannan, wai kamar rashin yarda ne. Zo mu zauna ai zo mu saɓa ne, gara a ji kunyar rana ɗaya.

Sauran ɓarakar gidan haɗaka ƙanana ne amma kullum suke ɗiga. Mita da sunan mutum ɗaya, shi zai riƙa bin saura kamar mai karɓar haraji. Wani na da na'urar ɗumama ruwa da dutsen guga yana kunnawa dare da rana, ana raba kuɗin wuta daidai wa daida. Baƙon kwana biyu ya zama ɗan gida na huɗu da ba ya biyan komai. Game da yawan mutane ma sai a bincika dokar wurin: a Ingila gidan da mutum 5 ko fiye waɗanda ba iyali ɗaya ba ke zaune sai da lasisi, wasu garuruwan jami'a a Amurka kuma sun ƙayyade yawan waɗanda ba dangi ba da za su zauna gida ɗaya. Cusa mutum na biyar a ɓoye don haya ta sauko na iya jawo a tashe ku duka ana tsakiyar zango.

Sai kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna, wanda ya shafi duka ukun da ba hostel ba. A ƙa'ida naka ne, zai dawo. A aikace sai ka yi da gaske. Ni an taɓa zaftare mini rabi saboda tsagewar gilashin taga da na tarar tun ranar tarewa, ba ni da shaidar komai sai rantsuwa, rantsuwa kuwa ba ta dawo da kuɗi. Ranar da aka miƙa maka mukulli, kafin ka shigar da jaka, ɗauki hoton kowane bango da famfo da makunnin wuta da lambar da mita ke nunawa, ka tura wa mai gida don kwanan wata ya zauna a rubuce. Kowane biya a karɓi rasit. Ƙasashe da dama sun sa wa abin iyaka, kuma ya kamata mai shirin fita karatu ya sani. A Ingila dokar 2019 ta tsayar da kuɗin ajiya a hayar mako 5 ga yawancin gidaje, ta kuma hana dillalai cajin 'yan haya galibin kuɗaɗen da suka saba. A Jamus ba ya wuce hayar wata 3, ana iya biya kashi uku, kuma tun 2015 wanda ya sa dillali aiki shi ke biyansa. A Faransa wata 1 ne ga gidan da babu kaya, wata 2 ga mai kaya, har ma doka ta tanadi yarjejeniyar wata 9 ga ɗalibi a ɗaki mai kaya, abin da ke kashe matsalar watannin hutu daga tushe. Inda babu irin wannan, wasu kan ba wani hayar ɗakin lokacin hutu, amma sai da izinin mai gida, kuma a tuna lokacin kowa ke neman mai karɓa, farashi a ƙasa yake.

Za ka ji ana cewa kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Ma'aunin daga tsarin gidajen gwamnati na Amurka ya samo asali, inda aka sa kashi 25 a 1969, aka ɗaga zuwa 30 a 1981. Don masu albashi aka yi shi. Ɗalibi ba ya samun kuɗi wata-wata a tsare, sai dai ya ɗauki abin da zai shigo hannunsa a shekara, ya cire kuɗin makaranta, ya cire jimillar nan ta masauki, ya raba ragowar da makonnin zango, ya gani ko za ta ciyar da shi.

Abin da na gaya wa yaron shi ne ya kama hostel a shekarar farko, ko da ɗakin mutum huɗu ne. Bai san garin ba, bai san wace unguwa ce ruwa ke yanke mata ba, bai kuma san samarin nan biyu ba sai a hoto. Shekara ɗaya ta ishe shi ya gane wanda ke biyan bashi da wanda ke wanke kwanonsa, sannan su kama gida su uku ko huɗu inda ƙafa ke kaiwa, kowa da yarjejeniyarsa. Na kuma gargaɗe shi da wata gaggawa da ake cusa wa sababbin ɗalibai: a garuruwa da yawa tun zangon farko dillalai ke fara cewa gidajen baɗi sun kusa ƙarewa, sai yaro ya sa hannu da mutanen da ya sani mako shida da suka wuce. Gidaje masu kyau na tafiya da wuri, wannan gaskiya ne, amma ya tambayi 'yan aji uku da huɗu yaushe suka kama nasu kuma nawa suka biya, kafin ya yarda da agogon dillali.

Ya cike takardar hostel a daren. Washegari ya sake rubutowa yana tambayar inda zai kai ƙaton akwatinsa da fankarsa idan an rufe makaranta. Na ce ya tambayi ofishin kula da masauki ko suna da ɗakin ajiya da abin da suke caji, in babu, ya rage kayan tun daga gida, ya tafi da abin da zai iya ɗaukowa a hawa ɗaya.